Gurbin Suna Ɗaya a Kwamfutar Mutum Biyu

Ofishin Wakilin Ma'aikata,
Gidauniyar Gona da Ruga,
Reshen Kafanchan,
Jihar Kaduna.
Litinin, 20 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Gidauniyar Gona da Ruga,
Babban Ofis, Kaduna.

Ta hannun:
Shugaban Reshe, Kafanchan.

Yallaɓai,

GAME DA: ƘORAFI KAN DAKATAR DA MALAMA MILKA TANKO, JAMI'AR SASANCI TA GODOGODO, SABODA TA ƘI SHIGAR DA SUNANTA ITA KAƊAI A WAJEN SABUNTA KWAMFUTAR OFIS

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, tare da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Gershon Bature, wanda ma'aikatan wannan reshe suka zaɓa ya riƙa magana da yawunsu. Na rubuto ne a madadin Malama Milka Tanko, wadda aka dakatar daga aiki ranar 13 ga Oktoba, aka kuma ba ta wa'adi zuwa Juma'a, 31 ga wata, ta yi abin da aka umarce ta ko a sallame ta baki ɗaya. Da gangan na rubuta da Hausa. Akwai mutane a Godogodo da rugagen kewaye da suka nemi a karanta musu duk abin da za a faɗa a kan ofishinsu, kuma na yi musu alkawari. Ina roƙon Yallaɓai ya yi haƙuri da tsawon takardar, domin gajerun da muka aiko a baya babu wadda aka amsa.

1. Yadda ake aiki a Godogodo

Yallaɓai ya san ofishinmu na Godogodo na mutum biyu ne. Akwai Milka, 'yar gidan manoma, haifaffiyar garin, akwai kuma Malam Jibir Sambo, wanda ya tashi a ruga. Idan shanu sun shiga gona, ko an sari saniya, ko wani ya nome burtali, su biyun ke zuwa tare. Su ɗauki hoto, su ji ta bakin kowa, su rubuta rahoto a kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya da Gidauniya ta ba su a shekarar 2019.

Abin da wataƙila ba ya cikin fayil ɗin da aka kawo wa Yallaɓai shi ne yadda mutane suka karɓi wannan kwamfuta. Da farko babu wanda ya yarda da ita. Makiyaya suka ce in ta kwana a gidan Milka, me zai hana a sauya hoton gona kafin gari ya waye? Manoma suka ce in ta kwana a ruga, su ma tambayarsu ke nan. Zaman da aka yi kan maganar ya kusa watsewa, har sai da wata dattijuwa mai sayar da nono, Inna Nene, ta ce ita dai a saninta in mutum biyu suna ajiya a akwati ɗaya, kwaɗo biyu ake sa masa. Daga ranar aka raba kalmar sirrin kwamfutar gida biyu. Milka ta riƙe rabin farko, Jibir ya riƙe rabin ƙarshe, kuma har yau babu wanda ya san rabin ɗan'uwansa. Duk zaman sasanci, a kan benci ake ɗora ta a gaban jama'a. Milka ta buga nata ta kau da fuska, Jibir ya buga nasa, sai ta buɗe. Kafin nan ba a fara magana. Da idona na ga tsofaffin da ba su san harafi ko ɗaya ba suna miƙa wuya don su tabbatar hannu biyu ne suka taɓa ta. In an buga rahoto kuwa, sunayen su biyun ne a ƙasa.

Ina tunatar da Yallaɓai cikin ladabi cewa hoton waɗannan hannaye biyu shi ne a bangon rahoton shekara na Gidauniya na 2022. A lokacin babu wanda ya ce laifi ake yi.

2. Sanarwar Sashen Na'urori

Ranar 8 ga Satumba, Sashen Na'urori ya aiko da sanarwa cewa za a sauya babbar manhajar duk kwamfutocin Gidauniya, wato wadda kwamfuta take tashi da ita, kuma injiniya ba zai zagaya ba. Kowane ma'aikaci zai karɓi filas, wato 'yar na'urar ajiye bayanai, ya soka a kwamfutarsa, sai wata manhajar jagora ta fito ta riƙa yi masa tambayoyi shafi bayan shafi, yana amsawa yana danna maɓallin ci gaba, har aiki ya kammala. Wa'adi shi ne 30 ga Satumba.

Don kada a ce mu mutanen kudu ƙin ci gaba muke yi, bari in faɗa a fili: tsarin yana da kyau. Ni kaina na yi tawa a zama ɗaya ina shan shayi, kuma ta fi da sauri. Tsohuwar manhajar ta gaji, kafin ta buɗe mutum zai iya zuwa ya sayo ƙosai ya dawo. Ba mu da rigima da sabuntawa. Rigimarmu da shafi ɗaya ce.

3. Abin da ya faru ranar 18 ga Satumba

Milka ce ta karɓi filas ɗin Godogodo ranar Litinin, 15 ga Satumba, ba don komai ba sai don ita ce ta shigo Kafanchan kawo rahoton mako. Ta sa hannu ta karɓa. Wannan sa hannun shi ne yanzu Babban Ofis yake riƙe da shi a matsayin hujjar cewa kwamfutar tata ce.

Ranar Alhamis ita da Jibir suka zauna tare suka soka filas. Jagora ta tambayi harshe, suka zaɓa. Ta tambayi reshe, suka ga Godogodo a ciki, har suka ji daɗi an tuna da su. Ta tambayi manhajojin da suke buƙata da ko a adana tsofaffin hotuna, duk suka amsa. Sai ga shafin da ke tambayar wane ne mai amfani da wannan kwamfuta. Gurbi ɗaya ne. A ƙasa an rubuta cewa duk wanda aka zaɓa, wayarsa za a riƙa turo wa lambar buɗewa, kuma sunansa ne zai fito a kan duk takardar da aka buga.

Sun gwada sa sunaye biyu, ta ƙi. Sun rubuta Godogodo, ta ƙi. Sun bar gurbin babu komai, maɓallin ci gaba ya dushe ya ƙi dannuwa. Jibir, da yake mutum ne mai sauƙin kai, ya ce wa Milka, “Maman Faustina, sa naki kawai, ni ban damu ba.” Amsar da ta ba shi, kamar yadda su biyun suka maimaita mini, ita ce: “Malam Jibir, kai ba ka damu ba, amma Arɗo fa? Ranan da ya ga na buɗe shi ni kaɗai, aikin mu ya ƙare. In kuma naka muka sa, me zan gaya wa mutanen mu a coci?” Daga nan ta danna soke, ta zare filas, ta mayar da shi cikin ambulansa. Ba ta lalata komai ba, ba ta share komai ba.

4. Ba zato take yi ba

Idan aka ce wa Yallaɓai tsoron banza ne ya kama ta, a tambayi ofishinmu na Gwantu. Su ma mutum biyu ne, Malama Theresa da Malam Abdulhafiz, kuma sun kwaikwayi al'adar raba kalmar sirri daga Godogodo. Sun bi umarni tun da wuri, suka sa sunan Theresa. Ranar 16 ga Satumba aka yi zama kan wata gonar gyaɗa. Theresa ta duba wayarta ta buɗe kwamfuta ita kaɗai, Abdulhafiz yana zaune a gefe hannu a cinya. Da aka buga rahoto, makiyayin da ake ƙara ya ba ɗansa ya karanta masa sunan da ke ƙasa. Ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya yi sallama ya tafi, mutanensa suka bi shi. Daga ranar zuwa yau babu makiyayin da ya sake taka ofishin nan. Rahoton kuwa gaskiya ne daga farko har ƙarshe, amma wa ya tsaya ya duba? Theresa ta kira Milka tana kuka a ranar. Da wannan kukan a kunne Milka ta zauna gaban shafin nan.

5. Ƙoƙarin da ta yi na bin hanya

Ranar 19 ga Satumba Milka ta kira Malam Mahfuz, shugaban Sashen Na'urori, ta yi masa bayani tun daga kan Inna Nene. Ya saurara, wannan kam ban musa ba. Sannan ya ce ƙa'ida ita ce na'ura ɗaya mutum ɗaya, kuma ya ƙara da cewa, “Madam, na'ura ce fa kawai. Ki sa sunanki ki danna, a wuce wurin.” Ta roƙi a ƙara gurbi na biyu. Ya ce ta shigar da koke ta intanet. Ta shigar ranar 22 ga Satumba. Ranar 24 aka rufe koken da layi ɗaya, wai wannan ba matsalar na'ura ba ce.

To, in ba matsalar na'ura ba ce, matsalar wa ce? Ni ma na kira Malam Mahfuz na yi masa tambaya ɗaya: shafukan jagorar nan daga sama suka faɗo, ko sashensa ne ya tsara su? Ya ce su suka tsara. Na ce ana iya gyarawa? Ya ce ana iyawa, sai dai in aka yi wa Godogodo kowa zai nema. Yallaɓai, ofisoshin da mutum biyu ke riƙe da kwamfuta ɗaya a duk Gidauniya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ban da haka, kwamfutar ɗakin karɓar baƙi ta Babban Ofis, wadda Yallaɓai ke wucewa ta gabanta kullum, mutum uku ke amfani da ita, kuma an ba ta asusun haɗaka ba tare da kowa ya shigar da koke ba. Ashe ƙa'idar tana lanƙwasuwa, sai dai ba ta lanƙwasowa kudu.

6. Tuhuma da dakatarwa

Ranar 2 ga Oktoba aka yanke kwamfutar Godogodo daga layin Gidauniya. A tsakiyar kaka aka yi haka, lokacin da masara ta bushe a gona kuma shanu suka fara motsi, wato daidai lokacin da aka buɗe ofishin saboda shi. Ranar 6 ga wata Madam Patricia ta Sashen Ma'aikata ta aiko wa Milka takardar tuhuma mai laifi biyu: ƙin bin umarni, da bai wa wani kalmar sirri tun 2019.

Laifi na biyun nan ya ba ni dariya kafin ya ba ni haushi. Milka ba ta taɓa bai wa kowa kalmar sirri ba. Ba ta ma da ita gaba ɗaya balle ta bayar. A duk Gidauniya, in ana neman kwamfutar da ta fi tsaro, ita ce wannan da mutum ɗaya ba ya iya buɗewa ko da wuƙa aka sa masa a wuya. Na san ofisoshin da kalmar sirri ke manne a gefen allo, ba zan ambaci suna ba, kuma ban ji an tuhumi kowa a can ba.

Milka ta amsa ranar 8 ga Oktoba, cikin ladabi, ta ce a shirye take ta gama sabuntawar a ranar da aka ba ta hanyar da za ta shiga tare da abokin aikinta. Ba a kira ta ba. Ba a kira Jibir ba. Ba a kira Shugaban Reshe ba, ba a kira ni ba, alhali dokar ma'aikata ta ce a zauna da wakili kafin a dakatar da kowa. Takardar dakatarwa kawai ta gani ranar 13 ga wata.

7. Kiran da aka yi wa Malam Jibir

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, kuma zan yi ƙoƙari in faɗe shi ba tare da na wuce gona da iri ba. Ranar 14 ga Oktoba, washegarin dakatarwa, aka kira Malam Jibir daga Babban Ofis aka ce tunda Milka ta ƙi, ya sa nasa sunan ya gama aikin, ofishin ya koma hannunsa shi kaɗai. Ban ce wanda ya yi kiran yana da mugun nufi ba. Na fi zaton so yake ya ga jan layin da ke nuna Godogodo ba ta sabunta ba ya koma kore a allonsa ya huta. Amma ina roƙon Yallaɓai ya tsaya ya yi tunanin yadda labarin zai shiga kasuwar Godogodo: an kori 'yar manoma, an miƙa wa Bafulatani kwamfuta. Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san abin da magana irin wannan take iya haifarwa kafin kasuwa ta tashi. Mun binne mutane a kan abin da bai kai haka ba.

Malam Jibir ya ƙi. Abin da ya faɗa wa mai kiran shi ne, “Yallaɓai, rabi ne a hannuna. Ɗaya rabin yana wurin Maman Faustina. In kun kore ta, ku aiko a ɗauki kayanku, ni ma na koma bayan shanu.”

8. Halin da take ciki

An hana ta shiga ofis, kuma ba ta shiga ba. Amma kullum da safe takan yi shirin aiki ta zo ta zauna a bencin da ke waje, domin mutane ba su daina zuwa ba. Jibir yakan fito da takarda da biro ya same ta a nan, su saurari ƙara a tsakar rana, hotuna kuma suna taruwa a wayoyinsu babu inda za a sa.

Ba zan ce wa Yallaɓai ba ta jin tsoro ba. Tana ji. Aikin nan shi ne abin da ta iya, shi ne kuma mutuncinta a garinsu. 'Yan'uwanta sun dame ta da cewa ta sa sunan mana, me ya yi zafi. Fastonsu ma ya ba ta shawara ta yi biyayya ga na gaba. Filas ɗin yana cikin jakarta, ta san in ta soka shi yau ta zaɓi sunanta, gobe za a maido ta aiki har da takardar yabo. Da na tambaye ta ko in rubuta cewa tana sake tunani, sai ta ce, “Baba Gershon, kada ka rubuta ƙarya domin ni. Na yi addu'a, na yi kuka, amsa bai canja ba. In sun kore ni, Ubangiji zai ciyar da ni. Amma ba zan zauna a gaban mutane in buɗe abin nan ni kaɗai ba.” Na rubuta yadda ta faɗa. Ina alfahari da ita, ina kuma jin kunya cewa gidan da muke wa aiki ne ya kai ta ga zaɓi tsakanin abincinta da amanar da shi kansa ya ɗora mata.

Abin da muke nema

Bisa ga abin da ya gabata, da kuma matsayar da ma'aikatan reshen Kafanchan suka cimma a zamansu na Asabar, 18 ga Oktoba, ba tare da ko mutum ɗaya ya ja da baya ba, muna roƙon Mai Girma Babban Darakta:

Na ɗaya, ya janye dakatarwar Malama Milka Tanko, a kuma cire takardar tuhumar daga fayil ɗinta. Ba afuwa muke nema mata ba, don ba ta yi laifi ba, kuma ba za ta rubuta takardar ban haƙuri ba.

Na biyu, ya umarci Sashen Na'urori ya gyara shafin nan yadda ofis mai mutum biyu zai buɗe kwamfutarsa da hannu biyu, rahoto kuma ya fito da suna biyu. Yadda za a yi, su suka sani, aikinsu ne. A ranar da gyaran ya iso, a ranar Milka da Jibir za su gama sabuntawa.

Na uku, a maido da kwamfutar Gwantu kan wannan tsari, a kuma tura wani babba daga Kaduna ya je ya yi wa mutanen can bayani da bakinsa. Bai kamata a bar Theresa da kunyar abin da ba ita ta tsara ba.

Idan kuwa bayan duk wannan Yallaɓai ya ga cewa lallai suna ɗaya ne zai shiga gurbin nan, to muna da roƙo na ƙarshe. Ranar Alhamis, 30 ga Oktoba, akwai zama a Godogodo kan gonar masarar Baba Meshak da shanu suka shiga. Dagaci zai zo, Arɗo zai zo, mai gona da mai shanu za su zo da mutanensu. Milka za ta je, ko an maido ta ko ba a maido ta ba, Jibir ma zai je. Za su ɗora kwamfutar a kan benci, su soka filas, su bi jagora har zuwa wancan shafi, su tsaya. Mun tanadar wa Yallaɓai kujera a gaba. Ya zo ya dubi ɓangarorin biyu, ya faɗi sunan da za a sa da bakinsa, ya kuma zauna har a tashi. Ba daidai ba ne a yanke wannan hukunci a Kaduna, a ce mace ɗaya ta ɗauke shi a ka ta kai wa garinsu.

Ina miƙa wannan ƙorafi da dukan ladabi da biyayya, ina roƙon Allah ya ba Yallaɓai lafiya da hikimar riƙon wannan gida. Muna jiran amsa a rubuce kafin ranar zama. In ba ta zo ba, za mu ɗauka Yallaɓai yana hanya.

Naka cikin aiki da girmamawa,

Gershon Bature,
Wakilin Ma'aikata, Reshen Kafanchan.

An karanta mini, kuma na yarda haka ne:
Milka Tanko.

Ni ma an karanta mini, haka aka yi:
Jibir Sambo.

Kwafi zuwa ga:
Shugaban Sashen Na'urori;
Shugabar Sashen Ma'aikata;
Dagaci da Arɗo, domin a karanta wa jama'a.